Libar da Na Auna da Gwiwata

Ran Juma'ar nan da kuka taru a ƙofar shagona kuna shan shayin karak, ɗayanku ya miƙo mini waya ya ce in kalli wani Bature yana ɗaura libar gwiwa a jikin jita mai feda, wai kafin ka ƙifta ido ya gama. Ya ce, "Kawu Haruna, ashe rami huɗu ne da sukuru, shi ne kake rufe shago kwana uku a kai?" Kuka kwashe da dariya, ni ma na taya ku. Ban ba shi amsa ba a lokacin, don an kusa kiran la'asar, kuma amsar ba wadda ake bayarwa a tsaye ba ce. To ga ta nan na rubuta, wanda ke da haƙurin karatu ya karanta.

Yawancinku ma ba ku taɓa ganin abin ido da ido ba. Jita ce, amma ba a rungumarta. Kamar ƙaramin tebur take mai ƙafa huɗu, da tsirkiya goma a shimfiɗe a samanta. Makaɗi ya zauna a gabanta yadda tela ke zama a gaban keke, hannun hagu yana zame wani guntun ƙarfe mai santsi a kan tsirkiyoyin, hannun dama yana kaɗa su. A ƙasa akwai feda uku da ƙafar hagu ke takawa, ƙafar dama kuma tana kan fedar ƙara sauti. Duk fedar da aka taka, sai ta ja wasu tsirkiyoyi muryarsu ta hau. Ita kuwa libar gwiwa wani ɗan ƙarfe ne da bai wuce taƙi ɗaya ba, yana rataye a ƙarƙashin teburin, makaɗi ya tura shi gefe da gwiwarsa, shi ma ya ja tsirkiya ko ya sassauta ta. Muryar tana da wurin da dole ta tsaya. In ta gaza kaiwa ko da kaɗan ne, ko wanda bai san kiɗa ba zai ji abin ya ɓaci.

Ni ba makaɗi ba ne, ban kuma taɓa sha'awar zama ba. Gyaran keken ɗinki na koya a Zariya, shi na yi har na yi aure na haifi 'ya'ya uku. Manyan kekunan nan na masu ɗinkin jaka ma suna da libar gwiwa da ke ɗaga ƙafar keke, na gyara su ba adadi. Da kasuwa ta mutu na zo Doha da bizar direba, aka haɗa ni da wani shagon gyaran kayan kiɗa a nan Bin Omran, tsakanin mai wanki da guga da mai gurasar faratha. Aikina in ɗauko sifika da fiyano daga otal-otal in mayar. Mai gyaran wani tsoho ne ɗan Indiya, mutumin Gowa, sunansa Josef, kowa Usta yake kiransa. Wata rana fedar wata ganga ta karye yana cikin wani aiki, na ɗauka na gyara ba tare da an sa ni ba. Ya juya ta, ya taka, ya sake takawa, sannan ya dubi hannuwana ya ce, "Kai ba direba ba ne." Shi ya yi wa kafil, wato maigidan da ya yi mini biza, magana aka mayar da ni cikin shago.

Kada ku zaci daga nan aka miƙo mini jita. Shekara guda cur ina ware sukuru a gwangwanaye, ni da furfura ta fara fito mini. Jitocin nan yawanci daga Amurka suke, haƙorin sukurunsu na inci ne, nan kuwa duk abin da za ka saya a kasuwa na mili ne. A ido kamar ɗaya suke. Na taɓa ɗaukar na mili na murɗa shi cikin alminiyam da ƙarfin tsiya, ya cinye haƙorin ramin gaba ɗaya. Usta bai yi mini faɗa ba. Ya ba ni guntun alminiyam da abin yanka haƙori ya ce in huda rami hamsin in yanka musu haƙori, duk wanda ya karkace a sake. Kwana huɗu na yi a kai, yatsuna suka yi kanta.

Jita mai feda ta farko da na ga cikinta ta wani injiniyan mai ce, Ba'amurke, da ke kaɗa ta a gida don kewar garinsu. Usta ya kifar da ita cikin akwatinta ƙafafu a sama, ya kira ni. Ciki kamar cikin keken ɗinki ne da aka ninka sau goma. Akwai sandunan ƙarfe a gicciye masu juyawa, a jikinsu an ɗaure wasu 'yan kunnuwa masu ramuka a jere, daga kunnuwan kuma siraran rodi sun tafi har inda tsirkiyoyi ke ɗaure. Duk sirrin yana cikin ramukan nan. In ka sa rodi a ramin da ke kusa da sanda, liba za ta yi laushi amma tafiyarta ta yi nisa. In ka kai shi ramin nesa, tafiya ta gajarta amma ta ƙara tauri. Babu ramin da yake shi ne daidai ga kowa. Kayan aikin kuwa ba su taka kara sun karya ba: alanki 'yan ƙanana na inci, magagari biyu, injin huda, bais, filaya, tef na awo, sai wata 'yar na'ura mai allura da ke nuna ko murya ta tsaya a wurinta. Duka za su shiga jakar hannu.

Amma kafin Usta ya taɓa ko ɗaya cikinsu, akwai abin da yake yi. Zai sa mai jita ya zo da kujerar da yake zama a kai da takalmin da yake kiɗa da shi. Ya zaunar da shi, sannan shi ya durƙusa a ƙasa, ya kama gwiwar mutum da hannu bibbiyu ya ce, "Yalla, tura." Mutum ya tura, shi yana ji a tafinsa iya inda ƙafar ke zuwa ba tare da an yi dole ba, da irin ƙarfin da ke cikinta. Sai ya sa alli ya yi alama a cikin jitar. Ko wane ne kai haka zai yi maka. Na ga ya yi wa wani Balarabe mai farar riga da direba ke jira a waje, bai ko nemi izini ba. Ni duk lokacin da ya durƙusa sai in kau da kai in shiga neman abin da ban ɓatar ba. A gidanmu yaro ba ya ƙura wa ƙafar babba ido, balle ya kai hannu cinyarsa. Usta ya sha ce mini, da guntun Larabcinsa haɗe da Turanci, ba jita ake aunawa ba, mutum ake aunawa. Nakan ce na ji.

Cikin masu kawo mana aiki akwai Baba Salifu, mutumin Zangon Kumasi. Tun yana saurayi yake kaɗa jita mai feda a ƙungiyoyin kiɗa na can, daga baya wani kamfani ya kawo shi yana yi a wani otal tare da wasu 'yan Filifin. Iskar tekun nan mai gishiri tana sa tsirkiya tsatsa da wuri, don haka kusan kowane wata sai ya zo. Dogo ne, baƙi, mai sanyin magana, ba ya shigowa hannu rabbana, ko dai wake da shinkafa irin nasu a roba ko ɗan goro in wani ya zo daga gida. Yakan tsokane ni ya ce mu 'yan Najeriya mun cika iyayi da Hausa, kowane abu sai mun raba masa mace da namiji. In azahar ta same shi a shago ni yake turawa gaba, ya ce makaɗin otal ba ya limanci. Ya girme ni da kusan shekara ashirin, ganin uba nake yi masa.

Sai shekarar korona ta zo. Ku da kuka zo bayanta ba ku san yadda garin nan ya yi shiru ba. Otal-otal suka daina kiɗa, biki ya tsaya, muka rufe shago wata da watanni. Da aka buɗe ma sai mu yini babu wanda ya turo ƙofa, ina share ƙurar da na share jiya. Usta dama tsufa ya kama shi, da jirgi ya fara tashi ya ce zai je ya ga jikokinsa. Ya bar mini jakar kayan aikinsa ya ce in riƙe kafin ya dawo, amma daga yadda ya kwashe har hoton matarsa daga bango na san ba dawowa zai yi ba. Makaɗa da yawa aka sallame su. Baba Salifu bai tafi ba, don a shekarar ce ciwon suga ya buɗe masa miki a ƙafar hagu, har aka cire masa yatsu biyu. Kamfaninsu ya bar shi yana jinya a ɗakinsa a Mu'aither.

Da al'amura suka fara dawowa, wata safiya tasi ta tsaya a ƙofar shago, direban ya sauko da akwatin jita, Baba ya biyo baya da sanda. Ya rame. Yana sanye da doguwar jallabiya har ƙasa, ƙafar hagu a naɗe da bandeji cikin wani faffaɗan silifa. Bayan mun gaisa na ce, "Baba, yaya ƙafar?"

Ya ce, "Da sauƙi, alhamdulillahi."

Ya zauna ya yi mini bayani. An kawo sabon mudir, wato manaja, a otal ɗin, ya ce sai ya saurari ƙungiyar da kunnensa kafin a sabunta wa kowa kwantiragi, kuma saura kwana goma. Shi Baba ya haura sittin, in otal ba ta nace tana son sa ba kamfani ba zai sabunta masa iƙama ba, wato takardar izinin zama a ƙasar. Iƙama kuwa ita ke riƙe da katin asibiti, katin ne ke ba shi allurar suga da nas ɗin da ke wanke masa mikin sau biyu a mako. Bai ce yana jin tsoro ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "In na koma gida da ƙafan nan yadda shi ke, ban san mi za shi zama ba."

Matsalar ita ce feda ta biyu. Ta farko yana iya taka ta, amma juya ƙafa ta hau ta biyu sai da yatsun da aka cire. Yana so in ɗauke aikin fedar in mayar da shi kan gwiwa. Jitarsa tsohuwa ce, liba biyu gare ta kuma duk suna gefen gwiwar dama, hagu da damanta sun cika. Dole sabuwar ta zauna a gwiwar hagu, a ƙafar da ba ta da lafiya. Ban taɓa ɗaura liba ni kaɗai ba, amma na taya Usta sau da yawa. Na ce masa in sha Allahu zan yi.

Na kafa jitar, ya zauna a gabanta. Na ɗauko tef da alli. Har yau ina ganin kaina a tsaye a wurin da tef a hannu. Abin da ya rage in durƙusa ne in kama gwiwar, kamar yadda na ga ana yi shekara da shekaru. Ina matsowa sai na ga ya kai hannu ya ja jallabiyar ya ƙara rufe ƙafar, ya kau da kai wajen titi. Na gane ba ya son a gani. Dattijo ne da ya haife ni, ga shi ciwo ya riga ya taɓa masa mutunci, sai kuma ni in zo in yaye masa riga a shago ƙofa a buɗe? Hannuna ya ƙi zuwa. Na ce, "Baba, ku bari kawai, ai tsayinmu kusan ɗaya ne, zan auna da tawa."

Na ga kafaɗunsa sun sauka. Ya ce, "Allah shi yi maka albarka, Malam Haruna." A raina na ji daɗi, ina ganin na kyauta masa.

Kayan liba ba a sayar da su a garin nan, in an yi oda kuma ba za su iso cikin kwana goma ba, don haka da hannu na ƙera komai. Na je Sana'iyya, unguwar masana'antu, cikin ranar nan mai narka kwalta na samo guntun alminiyam da sandar ƙarfe da rodi. Na yanka, na gyara bakin da magagari, na huda, na yanka haƙori na inci don ya dace da sauran. Kunnen kaɗai sau uku ina yin sa, don na farko ramukansa sun ɗan kauce wa layi, na biyu kuma ya tsage a bais. Huda jikin jitar shi ne abin fargaba, katako ne da ya girmi wasunku, in injin ya zarce ya ɓullo ta sama an gama. Na naɗa wa bakin injin salatef don ya nuna mini iyakar zurfi, na yi bisimilla na huda. Kwana uku na rufe shago.

Da na gama na zauna na gwada da gwiwata, ban san sau nawa ba. Liba tana rataye kamar yatsa biyu daga ƙafata don kada a taɓa ta bisa kuskure, in na tura ta yi tafiyar yatsa uku a laushi, ta tsaya cak, allurar na'ura ta miƙe a tsakiya. In na saki ta dawo ba ƙara ba gargada. Wallahi na yi alfahari da aikin nan. Har hoto na ɗauka na tura wa Usta, ya amso da tambaya ɗaya, wai ina alamar alli. Na mayar da wayar aljihu.

Baba ya zo karɓa saura kwana huɗu. Ya zauna, ya sa ƙarfen a kan tsirkiya, ya taka feda ta farko ya tura libar. Murya ta hau ta tsaya daidai. Amma na lura ba gwiwar kaɗai ta tafi ba, duk jikinsa ne ya karkata tun daga ƙugu. Ya sake yi sau ɗaya, ya tsaya. Esi na sanyaya shagon amma gumi ya tsattsafo masa a goshi. Na ce, "Baba, ta yi kuwa? In akwai abin gyara ku faɗa."

Ya ce, "Ya yi kyau. Hannunka shina da albarka."

Na ga karkatawar nan da idona, na ga gumin. Na ce wa kaina rashin sabo ne, kwana biyu zai saba. Shi ba zai kushe aikin da na rufe shago kwana uku a kai ba, ni kuma ba zan matsa wa babba da tambaya ba. Muka yi sallama kowa yana yi wa ɗan'uwansa kara.

Ranar gwaji ni na kai shi. Bayan azahar ne, a wani babban zaure na otal ɗin, kujeru a kife a kan tebura, masu shara suna goge ƙasa. Na kafa masa jita na koma bakin ƙofa na tsaya. Mudir ɗin matashi ne, ya zauna shi kaɗai a tsakiya da waya a hannu. Waƙa ta farko mai sauri ce, ganga da fiyano suka rufe komai, na fara sakin jiki. Ta biyu ce mai sanyi, wadda kowa ke yin ƙasa a bar jitar Baba ta yi magana ita kaɗai, kuma a cikinta kusan kowane layi sai an nemi abin da feda ta biyu ke yi. Ya tura na farko ta kai. Na biyu ta kai, amma da jikinsa ya karkata hannun da ke riƙe da ƙarfen ya goce. Daga tsakiyar waƙa ƙafar ta gaji. Sai murya ta taso ta tsaya a hanya, ba ta inda ta baro ba ta inda za ta. Mawaƙiyar ƙungiyar ta waiwayo ta dube shi. Ya sake turawa, ina ganin jijiyar wuyansa daga inda nake, ta sake tsayawa a hanya. Haka aka yi ta yi har waƙar ta ƙare.

Mudir bai yi faɗa ba, bai ma ɗaga murya ba. Ya ce, "Khalas, shukran," sannan ya tambayi mai fiyano ko na'urarsa tana iya fitar da irin wannan sautin. Mai fiyano ya sunkuyar da kai ya ce tana iyawa. Baba ya zare 'yan faratan ƙarfen da ke yatsunsa ya zuba su a gwangwaninsu ɗaya bayan ɗaya.

Na ɗauko Baba a mota har muka wuce rabin hanya. Sannan ya ce, "Tsufa ne, Malam Haruna. Kada ka sa ma ranka komi, ba aikinka ba ne." Na ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Amma na san aikina ne.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne abin da na yi bayan nan. Da washegari na koma na gyara, wataƙila da an roƙi mudir ya sake saurara. Ban koma ba. Na kasa haɗa ido da shi, kullum in ce gobe, har mako uku. Sai da na ji an soke iƙamar an yankar masa tikiti sannan na ɗauki jakar kayan aiki na tafi Mu'aither, ana gobe zai tashi.

Da hantsi na isa. Abokan ɗakinsa duk sun tafi aiki, shi kaɗai ne a bakin gado tsakanin kwalaye da aka ɗaure da igiya. Ya sa ruwa a buta ya haɗa mana shayi. Na ce ina roƙon alfarma ya bar ni in buɗe jitar. Ya ce mi za a yi da ita kuma, na ce alfarma dai na roƙa. Na kafa ta, ya zauna. Na durƙusa a gabansa na ce, "Baba, ku gafarce ni, zan kama gwiwar."

Ya dube ni. Sannan shi da kansa ya tattare jallabiyar. Gwiwar ta kumbura ta yi kamar ƙaramar kabewa, fatar tana sheƙi, da na ɗora hannu na ji ta da zafi. Ashe tun da aka yi masa aiki yake ɗingishi a kanta har ta sankare. Na ce ya tura. Ta motsa yatsa biyu ta tsaya, daga nan sai ciwo. Ni kuwa na ƙera masa abin da ke neman yatsa biyar.

Na kwance sukuru ɗaya na matso da libar har ta kwanta a jikin gwiwarsa, babu sauran tazara. Na ɗaga rodi zuwa ramin nesa don tafiya ta gajarta, na canza sifirin na sa mai laushi don ya rage taurin, na yanki soso na naɗa a inda ƙarfe ke taɓa fata. Na saita murya da na'ura. Da na miƙe na ɗauki kofina, shayin bai huce ba.

An riga an ɗaure sifikarsa a kwali, don haka haka nan ya kaɗa, sautin siriri, sai da na kashe esi muka ji sosai. Ya taka feda, gwiwa ta ɗan motsa, murya ta hau ta zauna daram. Jikinsa bai karkata ba. Ya ɗauko waƙar nan mai sanyi daga farko ya kai ta har ƙarshe, babu inda ta gaza ko sau ɗaya. Da ya gama ya ajiye ƙarfen ya leƙa ƙarƙashin jitar.

Ya ce, "Ashe abin bai wuce nan ba."

Na ce, "Bai wuce ba, Baba."

Ya ce, "Da na nuna maka."

Na ce, "Ni ne da tambaya, an koya mini." Na hau kwance ƙafafun jitar ina mayarwa akwati. Washegari na kai shi filin jirgi.

Tun daga nan na ɗaura liba huɗu. Duk wanda ya zo, babba ne ko yaro, Balarabe ne ko Bature, sai ya zo da kujerarsa da takalminsa, in rufe ƙofa in durƙusa. In ya ce mini ta yi, ba na yarda sai ya kaɗa waƙa uku a jere ina kallon ƙugunsa da goshinsa. Akwai wanda ya ji haushi ya kwashe jitarsa ya tafi, ban roƙe shi ba. Rami huɗun da kuke magana gaskiya ne, huɗu ne, kuma kowannenku zai iya huda su in na ba shi injin.

Wata biyar da tafiyar Baba, babbar 'yarsa ta kira ni daga Kumasi. Ta ce mikin ya ƙi warkewa, ya haura, likitoci sun yanke ƙafar daga saman gwiwa. Na yi salati. Ta ce ya farfaɗo, har ya sa an kafa masa jitar a ɗaki, kuma shi ne ya ce ta tambaye ni ko akwai sauran wurin da za a ƙara liba a gefen dama. Na ce ta gaya masa akwai guda ɗaya, irin wadda ake ɗagawa sama, amma ba zan yanka ƙarfe ba sai na zo na riƙe gwiwar da hannuna. Ta ce ya ji, ya ce yana jirana. Kafil ya sa mini hutu a watan Sha'aban. Baba Salifu ya rasu a Rajab.